Maganar da Na Ƙarasa wa Baba

Ina da wani hali da kowa a gidanmu ya san ni da shi: ba na iya barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa. Da ya ɗauko ta na riga na hango inda za ta sauka, sai in tari numfashinsa in ƙarasa masa. Shekara da shekaru ina ɗaukar wannan a matsayin kaifin kai. Har yabona aka sha yi a kansa, kuma wanda ya fi kowa yabon shi ne Baba.

Ƙauyenmu yana arewa da Minjibir, irin wurin nan da gona take manne da gona, babu tafin hannu na ƙasa da ba a san mai shi ba. Baba manomi ne, gero da dawa da gyaɗa kaɗan. Ya yi allo da ƙuruciya, ya riƙe surorin da yake sallah da su, amma ba ya karanta takarda, ta boko ko ta ajami. Inna ma haka. Sai dai idan mai unguwa yana da saƙon da ba ya so a ƙara masa gishiri a hanya, Baba yake kira. Na sha ganin yadda yake karɓar saƙo. Zai tsuguna, ya sunkuyar da kai, ba ya ko gyaɗa shi har sai mai maganar ya yi shiru. Ko an yi shirun ma sai ya ƙara ɗan jira, ko da saura. Sannan ya ce, "To, ka ce in ce," ya mayar da maganar tun daga farko yadda aka ba shi ita. Ina yarinya abin haushi yake ba ni. Gani nake ai kowa ya san inda mai unguwa ya dosa tun kafin ya kai rabi.

Ni aka fara sakawa a makarantar boko a gidanmu, Yayana kuwa ya tsaya a gona tare da Baba. Ina aji huɗu matan unguwa suka fara kawo mini wasiƙun mazajensu da suka tafi cin rani. Wasiƙun nan duk hanya ɗaya suke bi: gaisuwa mai yawa, da fatan ana lafiya kamar yadda yake lafiya, bayan haka. Ban daɗe ba na lura bakina yana riga idona. Kafin in ga kalma na riga na faɗe ta, in na duba kuma sai in tarar ita ce. Daga wasiƙa abin ya koma littafi, daga littafi ya koma kunne. Idan mai karanta labarai a rediyo ya ce, "An yi kira ga manoma da su guji," sai in ce, "shuka da ruwan farko," kafin ya faɗa. Baba yakan sauke rediyon daga kunnensa ya dube ni.

"Ke wai tun jiya ya gaya miki?"

"A'a, Baba. Ai haka ake cewa."

"Ikon Allah. Yarinyar nan shiga bakin mutum take ta zauna."

Har a ƙofar masallaci yake ba da labarin. Ni kuwa kaina ya kumbura, na daina tafiya aike ba tare da biro a bayan kunne ba.

Daga baya na zama malamar firamare a Kano, aikin kuma ya ƙara mini cutar. A aji haka muke koyarwa: ka ja magana, ka sake ta a tsakiya, yara su cafke. "Manomi ya ɗauki fartanya ya tafi?" Aji duka ya amsa, "Gona." Wanda ya riga faɗa shi ne mai ƙoƙari, a tafa masa. Na fi shekara goma ina sa a tafa wa yara don sun tari numfashina. Na kuma lura waɗanda karatu ya zauna musu su ne suke riga amsawa, ko da ba daga allo nake karantowa ba, da baki kawai nake faɗa. Waɗanda har lokacin da ƙyar suke haɗa baƙi da wasali sukan zuba mini ido, suna jira in faɗa da kaina. A raina nakan ce waɗannan sai a hankali. Bai taɓa zo mini cewa irin jiran Baba suke yi ba.

Inna ce kaɗai ba ta taɓa yaba mini ba. Da aka fara tura saƙon murya a waya, idan na je gida nakan kunna mata na ƙanwarta da take aure a Tsanyawa. Za ta ajiye abin da take yi, ta zauna, ta saurara har ƙarshe, har da sallamar, har da kukan akuyar da ya shigo ciki. Rannan ina sauri na danna abin nan da yake sa murya ta yi gudu, muka ji rabi na kashe.

"Me ta ce?"

"Biki ne, Inna. Tana so ki je."

"Ta faɗa?"

"Za ta faɗa."

"To ki bari ta faɗa mana. Ai bakinta ne."

Na sake kunnawa, bikin ne kuwa. Kusan kullum ni nake da gaskiya, abin da ya cuce ni ke nan.

Shekara uku da suka wuce, bayan an gama girbi, Yaya ya kira ni ya ce Baba ya faɗi a bakin rumbu. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama, ya taɓa harshe. A asibiti a Kano halin nan nawa ya yi mana rana, wannan ba zan ɓoye ba. Likita yana magana irin ta masu takarda, doguwa mai rassa: idan kaza ya faru a ba shi wannan, amma kada a haɗa da wancan, sai dai in ya ci abinci. Ni tun yana "idan" na san akwai "amma" a gaba, na tanadar mata wuri. Inna kuwa ta kafe shi da ido tana jiran ƙarshe, kafin ya kai ƙarshen farkon ya zube mata. Da muka fito ta kama gefen mayafina ta ce, "Me ya ce?" Na ji tausayinta, na kuma ji daɗin ana bukatata. Na sayi littafi irin na 'yan makaranta, na fara rubuta lokutan magani da duk abin da aka ce a yi.

Muka dawo da shi gida. Nakan zo duk ranar Juma'a in koma Lahadi, in an yi hutu in tare gaba ɗaya. Hankalinsa garau yake, amma magana ta zame masa kamar jan guga daga rijiya mai zurfi. Kalma ɗaya ta fito, sai a jira, jijiyar wuyansa ta tashi, leɓensa yana rawa, sannan wata ta biyo. Ba na iya kallon wannan. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗaukar maganar gari a bakinsa, yau kalma biyu a jere sun gagare shi. Sai na shiga taimako.

"Ba ni..."

"Ruwa, Baba?"

Ya lumshe ido.

"A kai ni..."

"Rumfa? Yaya, zo mu mayar da shi inuwa."

Ya lumshe ido. Muka mayar da lumshe ido ya zama "eh" a gidan, ba tare da kowa ya tambaye shi ba. Aiki ya yi sauri. Yaya har cewa yake in ba na nan jinyar tsayawa take.

Inna takan zauna gefensa da faifai a cinya tana ɓarar gyaɗa. Idan ya fara magana ba ta ɗago kai, ba ta sa masa ido, sai dai hannunta ya tsaya. Wani lokacin magana guda takan ci musu lokacin da za a dama kunu a sha. Ta sha ce mini, "Ki bar shi ya iso."

"Inna, wahala yake sha."

"Na gani. Ki bar shi dai."

Na ce a raina tsohuwar nan ba ta da tausayi. Allah ya yafe mini.

A nan sai na kawo maganar ɗorawa. Baba yana da ƙane ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne Baffanmu. Gidansa in ka ɗaga murya daga namu zai ji ka. Da aka raba musu gonar kakanmu, wata babbar ɗorawa ta faɗo daidai kan iyaka: gindinta ya fi karkata wajen Baba, rassanta sun fi yawa a kan gonar Baffa. A wurinmu ba a wasa da itacen ɗorawa, don da kalwarta ake daddawa, garin kuma a sha. Shekaru ana kaɗe ta tare duk bazara, Inna da matar Baffa su zauna a tsakar gidanmu su raba kalwa, kwano nan kwano can. Sai wata shekara Baffa ya sare babban reshe bai faɗa wa kowa ba, wai inuwa tana kashe masa gero. Aka yi cacar baki a gaban mutane. Tun daga nan Baba ya hana su kusantar itacen, gaisuwa ma sai in an haɗu wurin jana'iza. Na tashi ina jin magana ɗaya a bakin Baba duk lokacin da ɗorawa ta nuna: "A gaya wa wancan kada ya taɓa mini ita." Shekara ashirin da wani abu ina jin ta. Na haddace ta kamar karatun aji ɗaya.

Da Baba ya kwanta, Baffa ya zo sau ɗaya cikin masu dubiya, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya juya. Sai cikin bazara, ina gida hutu, ɗorawa ta nuna, ya aiko matarsa ranar wata Alhamis da ƙwaryar fura. Ta ce wa Inna, "Malam ya ce in Allah ya kai mu gobe, bayan an sauko daga masallaci, zai zo shi kaɗai ya zauna da yayansa." Baba yana kwance a rumfa yana ji.

Da la'asar ɗin ranar ina ba shi magani, Inna tana gefe da faifanta, Yaya yana can yana ɗaure awaki. Zafi ake kamar me. Baba ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya.

"Ɗorawar... nan."

"Na'am, Baba."

Ya yi ta kokawa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Ki... gaya wa... Baffanku..."

Ya tsaya. Bakinsa a buɗe, harshensa yana neman abin da zai biyo baya. Hannun Inna ya tsaya a faifai. Ban san tsawon jiran ba, ƙila bai kai a ƙirga goma ba. Ni dai na ji maganar ta riga ta cika a kaina, har da muryarsa ta da.

"Kada ya taɓa ta. Na ji, Baba, za a gaya masa. Ka huta."

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Sannan ya lumshe ido, ya saki hannuna.

Na ɗauko littafin magani na rubuta a ƙasan shafin ranar: Baba ya ce a gaya wa Baffa kada ya taɓa ɗorawa.

Inna ta ce, a hankali, "Bai gama ba."

"Haba, Inna. Shekara nawa muna jin wannan maganar?"

Ta dubi littafin da yake hannuna, ta mayar da kai kan faifanta. Yaya ya ƙaraso ya tambayi me Baba ya ce, na karanta masa. Abin da aka karanto daga takarda ba a yi masa gardama a gidanmu, ni na saba musu da haka. Yaya kuma ba ya barin umarnin Baba ya kwana. Kafin magariba ya je ya isar.

Ranar Juma'a Inna ta zauna gefen Baba tun hantsi, ko zai sake ɗauko maganar. Bai ɗauko ba, ko ruwa bai nema ba. Da aka sauko daga masallaci ya yi ta nuni da hannu har Yaya ya gane yana so a juya shi ya fuskanci zaure. Haka ya kwanta har rana ta faɗi. Baffa bai zo ba. Asabar da safe ciwon ya sake bugunsa, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Muka koma asibiti, bayan kwana biyu likita ya ce a mayar da shi gida a ci gaba da kula da shi. Wannan ma na gane nufinsa tun bai ƙarasa ba.

Na samu Inna a bakin murhu.

"Inna, me kike ganin zai ce ranar nan?"

"Ina zan sani?"

"Ai kin fi kowa saninsa."

"Na san shi. Ban san abin da bai faɗa ba." Ta tura itace cikin wuta. "Abin da na ji dai, shekara ashirin 'wancan' yake cewa. Ranar 'Baffanku' ya ce. Daga nan ke kika karɓa."

"To ai ya lumshe ido."

"Wanda ya gaji ma yana lumshe ido."

Ni ma na ji ya ce "Baffanku". Kunnena ya ji sarai. Amma ban tsaya a wurin ba, don na riga na wuce gaba, ina jiransa a ƙarshen maganar da na sani. Na zauna a ƙasa kusa da tulu.

Daga nan na koma roƙo. Nakan durƙusa gabansa in ce, "Baba, cewa za ka yi a bar masa ya kaɗa?" Ya lumshe ido. In ce, "Ko cewa za ka yi kada ya taɓa?" Ya lumshe ido. In ce, "Ko a koma rabawa kamar da?" Ya lumshe ido. Rannan tsabar ruɗewa har biro na sa masa a hannun hagu, na tara littafin, mutumin da bai taɓa rubuta sunansa ba. Biron ya zame ya faɗi kan tabarma. Sai na gwada irin ta Inna. Na ɗauko faifai na zauna gefensa, na sunkuyar da kai, na yi shiru tun azahar har la'asar. Na iya jiran, sai dai babu abin da ya fito.

Sau biyu ina zuwa bakin zauren Baffa in juyo. In ce masa me? Ba ni da wata maganar da zan ba shi a madadin waccan. Idan na ce masa sulhu Baba yake nufi, na sake ƙarasa wa Baba magana ke nan. Ƙila ma abin da na faɗa shi ne abin da zai faɗa, tunda kusan kullum ni nake da gaskiya. Na riƙe wannan tunanin na kwana biyu, ya ƙi riƙuwa.

Baffa ya zo da ya ji magana ta ɗauke. Ya zauna a gefen tabarma, ya ɗora hannu a ƙafar yayansa. Baba ya yi kwana goma sha takwas a haka, ya rasu kafin ruwan farko. Shekarar babu wanda ya kaɗe ɗorawar. Yaya bai da zuciyar zuwa wurin, Baffa kuma an ce kada ya taɓa. Ta bushe a sama ta zubo, awaki suka cinye.

Ba na zagin karatu. Shi ya ciyar da ni, shi ya sa na gane likita ranar da Inna ta kasa. Sai dai babu wanda ya gaya mini cewa bayan ido har kunne yake canja wa mutum. Har yau abin bai bar ni ba. Mutum yana magana ina jin ƙarshenta yana zuwa mini, ba ni nake kiransa ba, iyakar abin da nake iyawa shi ne in cije leɓe. A aji ma in na manta nakan ja magana in sake ta, yara su cafke, in ji tafi ya tashi kafin in hana.

Bayan sadakar bakwai Baffa ya aiko a kira ni. Na same shi a zaurensa shi kaɗai, na durƙusa na gaishe shi. Tun ina karanta wasiƙu yake kirana Malama don tsokana, amma ranar babu tsokana a ciki.

"Malama, saƙon nan da yayanki ya kawo mini. An ce a takarda yake."

"A takarda yake, Baffa. Ni na rubuta."

"Da bakinsa ya faɗa?"



"Farkon da bakinsa. Ƙarshen da nawa."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya gyara zama, ya sunkuyar da kai, sai na ga ashe ƙeyarsu iri ɗaya ce da Baba.

"To faɗa mini nasa," ya ce. "Inda ya tsaya ki tsaya."

Na ce, "Ɗorawar nan. Ki gaya wa Baffanku."

Na yi shiru. Ina jin ƙarshe kala-kala suna taruwa a bakina, masu daɗi, waɗanda za su sa tsohon nan ya samu barci, na danne su duka. Baffa bai ɗago ba. Ya ƙara ɗan jira, ko da saura.